Titin Ɗan Fari

Wainar da ke cikin tanda ta fara ƙauri sa'ad da Hamdiya ta diro daga bayan zemijan, wato ɗan acaɓan Lome, ko hular kwano ba ta tsaya cirewa ba. Hasanatu ta ɗago ta dubi 'yarta, gabanta ya faɗi. Kantin maganin da yarinyar take aiki can unguwar Cacavéli yake, kuma rabon da ta baro shi da hantsi haka tun ranar da aka yi musu rasuwa.

"Mma, me kika gaya wa matar ofishin meri?"

"Ba sallama, ba gaisuwa?"

"Salamu alaikum. Me kika gaya mata?"

Hasanatu ta sa tsinke ta kwashe wainar da ta ƙone, ta zuba mai, ta zuba ƙullu. Dama tun da safe jikinta ya ba ta akwai magana. Matan layin sun zo sun saya sun tafi, ba hira, ba neman gyara. Assana maƙwabciyarta, wadda ba ta iya gifta tandar nan ba ta miƙa hannu ba, yau ta wuce da bokiti a ka tana kallon sama kamar mai duban wata.

"Ni ban ce mata komai ba."

"To ai shi ke nan! Abin da ta rubuta ke nan. An tambayi uwa, uwa ba ta ce komai ba, ta tashi ta shige ɗaki. Sun cire sunan Yaya, Mma. Duk layin nan an ji tun jiya, ke kaɗai aka rasa mai gaya miki."

Ga yadda abin yake. A bana ne meri, ofishin magajin gari ke nan, ta tashi haiƙan sai kowane layi na Zongo ya sami suna a rubuce, da allon ƙarfe a bakinsa, don motar asibiti da ta kashe gobara su daina yawo suna tambayar masu shayi hanya. Kafin wannan da kwatance ake rayuwa: layin mahauta, bayan masallacin Zabarmawa, wajen famfon da ya mutu, ko da yake famfon an gyara shi tuntuni. Aka kafa komisyon, wato kwamiti, aka ce kowane layi ya kawo sunan da yake so, amma sai mai sunan ya riga mu gidan gaskiya, ya kuma bar wa wurin abin da za a nuna, sannan iyalinsa su yarda. Akwai layukan da har yau gidajensu ba sa ga maciji da juna saboda wannan magana. Layin su Hasanatu kuwa, da ba a taɓa haɗa baki ko a kan ranar kwashe shara ba, aka zauna a ƙofar mai unguwa Moumouni, kafin shayi ya huce an gama. Kowa ya ce sunan ɗan Hasanatu za a sa.

Mu da ba mu haife shi ba bakinmu a sake yake: Ikrima sunansa. Ita kuwa tun ranar da liman ya raɗa masa, sunan bai taɓa hawa harshenta ba. Ɗan fari ne. Haka ta tarar ana yi, haka uwarta ta yi da yayanta: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa. Yana barin nono yayar mijinta, Goggo Kulsum, ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta can ƙarshen layi. Daga nan ya zama "na Goggo". In za ta aika masa abinci, na Goggo. In wani mai irin sunan ya zo sayen waina, mai sunan na Goggo. Unguwa ma ta taya ta kunyar, shi ya sa ake ce mata Maman Hamdiya, sai ka ce da Hamdiya ta fara.

Layin nan a da Layin Ruwa ake ce masa, kuma ba don ado ba. Damina na sauka fadama ta dawo wurinta, ruwa har gwiwa, bado ya shimfiɗa ganye a ƙofar gidaje, sauro ya yi ta biki. Mai naƙuda a kujera ake ɗauko ta zuwa bakin kwalta, masu ɗaukar gawa sai sun naɗe wando. Ikrima direban tifa ne, ya ɗauki abin nan a ransa kamar shi kaɗai aka yi wa laifi. Duk ragowar jar ƙasa, duk ɓaraguzan ginin da aka rushe a cikin gari, sai ya roƙa ya kawo ya juye da yamma. Ran Lahadi ya bi gida gida yana tayar da samari da shebur, ana zaginsa yana dariya. Ya yi shekaru yana wannan hauka har layin ya tashi, lambatu ya miƙe ya kai ruwan inda ya kamata. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, damina biyu ke nan, bai tashi ba. Matarsa ta gama takaba ta koma wurin danginta a Kumasi, ba su sami haihuwa ba. Ubansa dama ya riga shi.

To, kwanakin baya matar meri ta zo, Madam Akuvi, doguwa mai fara'a, da takardu a hammata. Ta zauna a bencin masu cin waina, ta yi ta'aziyya da guntuwar Hausarta, sannan a gaban mata da yara ta ambaci sunan garau, ta ce, "Maman, kin yarda a sa wa titi?" Hasanatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar ta sake tambaya. Da ta ƙara maimaitawa sai Hasanatu ta miƙe ta shige ɗaki, ta zauna a bakin gado zuciyarta fal da daɗi, hawaye na zuba. A saninta ta ba da amsa, kuma amsa mai kyau. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce i, a ɗaukaka ɗan farina?

"Shiru ai yarda ce," ta ce wa Hamdiya.

"A wurinku, Mma. A ofis shiru shiru ne."

"To ki je ki ce musu na yarda. Ko su kawo takarda in dangwala."

"Sun daina karɓar dangwale. An ce a wata unguwa an yaudari tsofaffi, aka sa su dangwala wa sunan da ba shi suka zaɓa ba, magana har kotu. Yanzu sai mutum ya tsaya gaban komisyon ya faɗi sunan da bakinsa, a ɗauka a na'ura. Uwa, ko uba, ko mata. Ni ƙanwa ce, ba na ciki tunda kina da rai. Kuma yau ne zama na ƙarshe, kafin azahar za su tashi."

"In faɗa. Da bakina."

"Da bakinki."

"A gaban maza."

"Har da mikro da lasifika."

Hasanatu ta ja tsaki ta ƙara wa murhu itace, alhali wutar ta riga ta yi yawa. "To su bar shi. Shekara nawa layin nan ya yi ba suna, wa ya mutu? Allah ya san abin da na Goggo ya yi, ladansa ba a allon ƙarfe yake ba."

"Ba za su bar shi haka ba. Duk layin da iyali ba su yarda ba, akwai sunayen da suka tanada, na itatuwa da furanni. Wani a ofis ya duba tsohuwar taswira ya ga fadama ce, sai ya zaɓa mana Nénuphars."

"Mene ne kuma wannan?"

Hamdiya ta cire hular kwanon. A lokacin ne uwar ta ga idanunta sun yi ja.

"Bado, Mma. Titin Bado."

Hasanatu ta miƙe. Ta sauke tanda da sauran ƙullu fiye da rabi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Ta ɗebi ruwa a buta, ta tuna ba lokacin salla ba ne, ta ajiye. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, Hamdiya na bin ta da ido tana duba agogon waya. Bado! Abin da yaron nan ya yi ta tumɓukewa har tafukansa suka tsage, shi za a rubuta da farin fenti a kafa a kan ƙasar da ya zuba. Haushi ya taso mata. Amma da ta koma ɗaki ta fuskanci bango ta gwada motsa leɓe a kan sunan, ita kaɗai, sai ta ji kamar an ce ta kwance zane a kasuwa.

Ta fizgi mayafi. "Jira ni, zan je wurin Goggo."

Ta bi layin da sauri, jar ƙasa a daddaɓe ƙarƙashin silifas ɗinta, ba ko taɓo duk da ruwan da aka kwana ana yi. Ta tarar da Goggo Kulsum a zaure kan buzu, tana goga goro a magogi saboda haƙora sun yi ritaya. Idanu ma sun bi su, amma kunne na nan daram.

"Tafiyar matarmu nake ji. Wa ya koro ki?"

Hasanatu ta durƙusa ta gaishe ta a gurguje. "Goggo, ke za ki je meri. Ke ce uwarsa, kowa ya sani."

"Kin makara. Jiya Moumouni ya ɗora ni a mota ya kai ni. Na ce musu ni na goya shi, ni na yi jinyar kaciyarsa, ni na kai lefensa. Na kira musu sunan har sai da suka ce ya isa. Wani ya duba takardar haihuwa ya ce ba sunana a ciki. Na ce takarda ta taɓa wanke masa kashi? Aka ba ni ruwan sanyi aka rako ni."

"To yaya zan yi?"

"Ni kike tambaya?"

"Me mutane za su ce, Goggo? A ce Hasanatu ta tsufa ta zubar da kunya, ta hau lasifika tana kiran ɗan fari?"

Goggo ta watsa garin goron a baki. "Masu cewar duk suna maƙabarta. Ni kaɗai na rage, ni kuma ba na gani. 'Yan yanzu ba ki jin su? Ɗan fari suke ƙwala wa kira daga nan har bakin kwalta, har da su sheri, wai abin ƙauna da Faransanci." Ta tauna. "Amma ban ce ki je ba. Uwarki ta koma ga Allah ba ta kira yayanki ba, kuma ba wanda ya ce ba ta ƙaunarsa. Ni ma kwana na yi ina juya abin. In aka kafa allon nan, sunan ya zama na kowa. Gobe a ce an kama ɓarawo a Ikrima, jibi a ce Ikrima na wari. Wannan ma abin dubawa ne."

Hasanatu ta sunkuyar da kai, kamar yadda take yi duk sa'ad da sunan ya gifta. Ta zo neman wanda zai tura ta ko ya riƙe ta, tsohuwar ta ƙi yin ko ɗaya.

"Yana ƙarami," in ji Goggo, kamar da magogin take magana, "ya dawo daga wurinki da waina a ganye, ya ce mini, Goggo, mai waina ba ta san sunana ba ne? In je in gaya mata?"

"Me kika ce masa?"

"Na ce ta sani. Na ce ta fi kowa sani, ya zauna ya ci wainarsa." Ta karkaɗe zane. "Da ya girma ai ya gane. Ba ki ga yadda yake tsokanarki ba?"

Ta gani. Yakan zo da buhun shinkafa ya dire, ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi, ya ce, "Mai waina, in an tambaye ki wa ya kawo, wa za ki ce?" Ita kuma ta kau da kai ta ce wani mara aikin yi ne. Ya yi ta ƙyaƙyata dariya har ya fita. A lokacin ta ɗauka wasa ne kawai. Yau a zauren nan ta rasa tabbacin haka, kuma rashin tabbacin ya fi maganar badon ci mata rai.

Ta miƙe. Goggo ba ta tambaye ta inda za ta ba.

Suka tari tasi a bakin kwalta, ita da Hamdiya, aka cusa su baya tare da wata mai kwandon kifi. Ba su yi nisa ba suka tarar manyan motocin da ke hawa Wagadugu da Yamai sun toshe hanya, ɗaya ta mutu a tsakiya, direbobi sun fito ana ta ɗaga hannu. Hamdiya ta leƙa ta taga, ta dawo, ta sake leƙawa.

"Ban ce zan faɗa ba fa," in ji Hasanatu. "Zuwa kawai zan yi in gani."

"Na ji, Mma."

"Ki daina kaɗa ƙafa."

"Ke ce kike kaɗawa."

Ta duba, ita ce kuwa. Ta dafe gwiwar da hannu.

Ita ta san yadda wuri yake ɓata. A tsohon Zongo na tsakiyar gari aka haife ta, tana 'yar yarinya aka rushe shi aka kwaso su nan bayan gari. Ta taɓa ɗaukar Hamdiya ta je nuna mata inda aka binne cibiyarta, ita Hasanatu. Suka tarar da dogayen benaye masu gilashi, ta yi ta juyawa ta kasa gane ko gabas, har mai gadi ya zo ya tambaye su abin da suke nema. Gidan kakanta, rijiyar ƙofar gida, masallacin da ubanta yake ladanci, ba ko alama, ba kuma wanda za a tambaya. Kabarin na Goggo ma maza sun ce ƙasa ta riga ta daidaita. Samarin da suka riƙe masa shebur sun watse neman abinci, wasu Gabon, wasu Libiya. In Goggo ta tafi, ita ma ta tafi, sai a wayi gari ana tsammanin dama can Allah ya halicci layin a bushe.

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce bari ta gwada cikin hayaniyar nan da ba mai ji. Ta buɗe baki, iska ta fito, sauti ya ƙi. Ta sake gwadawa. Mai kifi ta juyo ta tambaye ta da yaren Mina ko amai take ji, ta miƙo mata leda. Hasanatu ta ce akpe, na gode, ta karɓa don kada a ja magana.

Motar ba ta motsa ba. Rana ta ƙara hawa. Can sai Hasanatu, wadda ta sha rantsewa ba za ta taɓa ɗora tsufanta a bayan babur ba, ta buɗe ƙofa ta sauka tana ɗaga wa zemijan hannu. Hamdiya ta biyo ta.

Sa'ad da suka isa, zauren meri ya cika ya batse, fanka na juya zafi. A gaba dogon tebur ne, mutanen komisyon a jere, tsakiyarsu wani dattijo mai furfura da gilashi, tsohon malamin makaranta, shi ne shugaba. Madam Akuvi na gefensa. Wani saurayi na riƙe da mikro da na'urar ɗaukar magana. A lokacin wani Alhaji ne a tsaye, babbar riga na ta zamewa daga kafaɗarsa, yana rattaba sunan mahaifinsa da na kakansa da garin da suka fito. An ce ya faɗa sau ɗaya, ya ƙi sakin mikro. Can bayan zauren wani yana ihu cewa mahaifin nasa ko bulo ɗaya bai taɓa sawa a layin ba. Hasanatu ta bi su da kallo cike da mamaki, mutane suna tauna sunaye kamar gyaɗa.

Mai unguwa Moumouni ya hango su, ya dogara sandarsa ya taso. "Maman Hamdiya, kin zo. Alhamdu lillahi." Ya sa aka matsa musu a benci.

Aka yi ta kiran layuka. Wani ya sami sunan limami, wani na ungozoma, wani da aka kasa sasantawa aka ba shi sunan itacen mangwaro, masu shi suka fita suna zage-zage. Hasanatu ta tashi ta ce za ta kewaya, ta kai bakin ƙofa ta dawo. Ta ce ƙishi take ji, aka kawo ruwan leda, ta riƙe ba ta sha ba. Ta tambayi Hamdiya ko ta rufe ƙullun da ta bari, Hamdiya ta ce ta rufe, ta sake tambaya. Sai ta ji an ambaci lambar layinsu, yarinyar ta taɓa mata gwiwar hannu.

Tsakanin benci da tebur ba nisa, ta taka ta tsaya a gaban 'yan komisyon. Saurayin ya kawo mikro daidai bakinta. Shugaban ya yi magana da Faransanci a hankali, Moumouni ya juya mata: an ce a baya ba ta ba da amsa ba, to yau wane suna take so a sa wa titin?

"Na Goggo," ta ce. Lasifika ta ɗauki muryar ta watsa, ta ji ta kamar ta wata.

"Sunansa, Maman," in ji Madam Akuvi da Hausa.

"Yayan wannan." Ta nuna Hamdiya. "Mai tifa. Wanda ya cike layin. Ai kun san shi, yana cikin takardarku."

Wasu samari a baya suka tuntsire da dariya, ɗaya ya ce da Faransanci tsohuwa ta manta sunan ɗanta. Hasanatu ba ta jin Faransanci sosai, amma wannan kam ta ji shi. Gumi ya karyo mata. A wannan tsayuwar ta ji ta tsani zauren, da mikro, da allon ƙarfe, da uwarta da ta koya mata, da ita kanta da ta koya da kyau haka.

Moumouni ya buga sanda a ƙasa. Ya waiwaya ya yi wa samarin kallo ɗaya, sannan ya fuskanci tebur ya yi magana mai tsawo, yana haɗa Faransanci da Mina. Ba ta fahimci duka ba, amma ta san labarinta ake bayarwa. Madam Akuvi ta dafe baki da hannu, ta dubi Hasanatu kamar za ta nemi gafara. Dattijon ya cire gilashi ya goge, ya sunkuya ya yi shawara da na damansa da na hagunsa. Ɗaya ya nuna masa wani wuri a takarda yana girgiza kai, dattijon ya ture takardar gefe.

"An ɗauke miki," Moumouni ya ce mata ƙasa-ƙasa, fuskarsa a washe. "Ya ce kakarsa ma har ta mutu ba ta kira sunan kakansa ba. Ya ce dokar don kare irinku aka yi ta, ba don a tozarta ku ba. Madam za ta karanta sunan, ke kuma ki ce kin yarda. Shi ke nan."

Hamdiya ta sauke ajiyar zuciya har ana ji. Hasanatu ma ta ji nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ta gode wa Allah a ranta. Sunan ya tsira, kunyarta kuma na nan ba wanda ya taɓa ta.

Madam Akuvi ta miƙe ta karanta a fili, da kyau: titi mai lamba kaza, daga yau Titin Ikrima Issifou. Sunan ɗan da na uban, biyun da bakin Hasanatu bai taɓa ɗauka ba, ga su a jere a bakin baƙuwa. Magatakarda ya maimaita yana rubutawa. Saurayin na'ura ya maimaita yana gwada sauti. A baya wani ya tambayi na kusa da shi wa aka ce, aka gaya masa, shi ma ya faɗa. Sunan ya yi ta yawo cikin zauren daga baki zuwa baki, ba mai jin nauyinsa. Haka za a ci gaba ke nan. Ɗan zemijan zai faɗa, mai kawo takardar wuta zai faɗa, da ɗan sanda, da mai kwasar shara, da yaran da ba a haifa ba tukuna. Duk mutanen Lome an ba su izini, ita kaɗai aka ɗauke wa. Sai ta ji sauƙin nan ya juye ya zama kishi mai zafi, irin wanda ko a kan Goggo ba ta taɓa yi ba.

"Maman, kin yarda?" in ji Madam Akuvi.

Mikro na gaban bakinta, ba ta dube shi ba. Ta juya kai wajen ƙofar zauren da ke buɗe.

"Ikrima!"

Bai fito irin na masu karanta takarda ba. Ya fito da ɗaga murya da jan ƙarshe, yadda mace take kiran yaron da ya yi nisa da wasa abinci na hucewa. Zauren ya yi tsit. Hamdiya ta toshe baki da gefen gyale, kafaɗunta na rawa.

Moumouni ya matso a rikice. "Maman Hamdiya, ba sai kin faɗa ba. An ce an ɗauke miki. Na yarda kawai suke so."

"Na ji," ta ce, idonta na kan ƙofa. "Ba da su nake ba."

Ta ɗan ƙara jira, gwargwadon yadda ake jiran mai amsawa daga nesa. Sannan ta juyo, ta gyara mayafi, ta ce wa mikro ta yarda.